Kwanciya Ba Ita Ce Maganin Ciwon Gaɓɓai Ba



A ɗakin awon ciki da wuya yini ya wuce ban ji wannan kukan ba: "Sista, kwankwasona kamar zai ɓalle." Wata kuma ta ce ƙashin mararta ne ke mata zafi in za ta juya a gado. Wata gwiwa ce. In na tambaya me aka yi a gida, amsar kusan ɗaya ce: an ce ta kwanta ta huta.

Kwanakin baya aka kawo mana wata baiwar Allah mai ciki na uku, wata bakwai. Mijinta da ƙanwarsa ne suka riƙo ta, don ba ta iya taka ƙafa ita kaɗai. Muka auna jininta bai hau ba, ba ta zubar da jini, bugun zuciyar jariri lafiya lau. Da na bi sawun maganar, sai na gane ciwon ya fara ne a matsayin ɗan tsami a ƙashin mara. Surukarta, saboda tausayi, ta hana ta ko ɗaga tsinke. Sati uku tana kwance, ana kai mata abinci har bakin gado. A ƙarshen sati ukun ƙafafunta sun yi sanyi, bahaya ya ƙi, barci ya ƙaura, ciwon kuma ya ninka na da.

Likita ya duba ta, ya tura ta sashen gashin ƙashi, wato fisiyo. Aka ba ta ɗamarar ƙugu, aka koya mata wasu 'yan motse-motse da yadda za ta tashi daga kwance. Bayan sati biyu da ƙafarta ta shigo awo. Ciwon bai rabu da ita duka ba sai bayan ta haihu, amma ta koma harkokinta.

Ra'ayina ke nan, kuma shi nake son ki riƙe: in dai likita bai hana ki da wani dalili ba, yawan kwanciya yana ƙara ciwon gaɓɓai ne, ba rage shi yake ba. Abin da gaɓa mai ciwo take bukata shi ne motsi na hankali, kaɗan-kaɗan, kullum.

Me ke kawo ciwon a lokacin goyon ciki?

Abubuwa uku ne ke haɗuwa. Na farko nauyi. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16 kafin ta haihu, kuma yawancin nauyin a gaba yake, sai baya ya gantsare don ya riƙe shi. Na biyu, jikin mai ciki yana fitar da wasu sinadarai masu sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu, domin a samu hanyar da jariri zai bi. Mahaɗar ƙashin mara takan ƙara buɗewa da milimita 2 zuwa 3. Na uku, tsokar ciki tana miƙewa tana rage ƙarfi, alhali ita ce ke taya baya ɗaukar kaya.

Don haka ba ke kaɗai ba ce. Fiye da rabin masu ciki suna fama da ciwon baya, kuma kamar mace 1 cikin 5 tana samun ciwon mahaɗar ƙugu. Wannan ba shi ne amosanin gaɓɓai irin na tsofaffi ba, inda guringuntsin kan ƙashi yake cinyewa. Amma a duka biyun dokar ɗaya ce: in jijiya ta saki ko guringuntsi ya lalace, tsokar da ke kewaye da gaɓar ce ke riƙe ta. In tsokar ta raunana, ciwo ya samu wurin zama.

Abin da na gani a jikin wani tsohon kare

A gafarce ni, ba kwatanta mutum da dabba zan yi ba. Abin da na gani da idona ne zan faɗa, domin shi ya sa wannan magana ta zauna mini fiye da yadda ta zauna a aji.

Yayana yana da garken tumaki a bayan gari, yana kuma da kare mai gadinsu. Da karen ya kai wajen shekara 10, sai ya fara tashi da ƙyar da safe, yana ɗingishi da ƙafar baya, musamman da hunturu. Yayana ya yi abin da kowa zai yi: ya ɗaure shi a inuwa don ya huta, ya ƙara masa abinci. Cikin wata guda cikinsa ya yi tulu, cinyoyinsa na baya sun tsotse, tashi ma sai an ɗaga shi.

Likitan dabbobi da ya duba shi ya ce amosanin gaɓɓai ne a kwatangwalo, kuma ɗaurin ne ya ƙarasa shi. Bayan maganin rage ciwo na dabbobi, ga abin da ya tsara: a rage abinci har a riƙa jin haƙarƙarinsa in an shafa, a ja shi da igiya a yi tafiyar minti 10 sau biyu ko uku a yini, a ƙasa mai laushi, ban da tsalle, ban da gudun bin babur, a riƙa sa shi ya zauna ya tashi sau 5 a jere don ƙarfafa cinya, a yi masa shimfiɗa busasshiya, ba kan siminti mai sanyi ba. Ya ƙara da ma'auni guda: in gari ya waye ya fi jiya ɗingishi, an yi yawa, a rage. Ya kuma ja kunne kada a ba shi ƙwayar ciwon jiki ta mutane, domin tana huda cikin kare, tana lalata masa ƙoda.

Bayan wata biyu karen bai koma yaro ba, amma yana tashi da kansa yana zagaya garke. A ƙasashen Turai da Amurka har tafiya cikin ruwa ake sa irin waɗannan karnuka, domin ruwa yana ɗauke nauyi daga gaɓa yayin da tsoka ke aiki. Akwai ma binciken da aka yi a Amurka a kan karnuka 48, aka buga sakamakonsa a 2002: waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, kuma amosanin gaɓɓai ya yi jinkirin kama su.

Kare ba ya jin lallashi, ba ya kuma yin dauriya don a yaba masa. Da aka ɗaure shi ya lalace, da aka motsa shi da tsari ya farfaɗo. Ginin gaɓa kuwa, ƙashi da guringuntsi da ruwan da ke tsakani, iri ɗaya ne a jikinsa da namu.

Me ya sa gaɓa take son motsi?

Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ba shi da hanyoyin jini. Abincinsa yana cikin ruwan gaɓa ne, kuma yana sha ne kamar soso: a matsa ya fitar, a saki ya tsotsa. Tafiya ita ce matsawa da sakin. In kin kwanta kwana da kwanaki, gaɓa tana sandarewa, tsoka kuma tana fara raguwa tun a satin farko.

Ga mai ciki akwai haɗarin da ya fi wannan. Jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa, haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa ya ninka na wadda ba ta da ciki sau 4 zuwa 5. Doguwar kwanciya tana ƙara wannan haɗari, kuma in gudan ya ɓalle ya tafi huhu ana iya rasa rai.

Su ma masana lafiya ba rana ɗaya suka gane haka ba. A 1985 ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta fitar da ƙa'ida mai tsauri, har ta ce kada bugun zuciyar mai ciki ya wuce 140 a minti. A 1994 ta janye wannan iyaka, a 2002 kuma ta ba da shawarar motsa jiki na minti 30 a yawancin ranakun mako. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar awon ciki ta 2016, ta sa motsa jiki a kai a kai cikin hanyoyin kare ciwon baya da na ƙugu. A 2020 ta ƙayyade aƙalla minti 150 a mako ga mai ciki da mai jego da ba su da wata matsala. Idan iyayenmu suna cewa a kwanta, ba mugunta ba ce. Ilimi ne ya ci gaba, ya kamata mu bi shi.

"Ai mu kullum cikin aiki muke"

Na san wannan amsar za ta zo, kuma akwai gaskiya a cikinta. Matar da ke shara, wanke-wanke, zuwa kasuwa da ƙafa, ta fi mai zama wuri ɗaya. Sai dai wahala daban, motsa jiki daban. Jan guga mai nauyi daga rijiya, ɗaukar jarka mai lita 25, sunkuyo a kan wanki awa biyu, saɓa yaro a kwatangwalo ɗaya, duk waɗannan suna matsa wa mahaɗar da ta riga ta saki. Haka ma maganar cewa yawan daka yana sa a haihu da sauƙi. Mai ciwon mahaɗar ƙugu in ta dage da taɓarya, ciwo za ta ƙara.

Gidaje biyu nake gani. A ɗaya an kwantar da mai ciki kamar marar lafiya. A ɗayan ana aiki da ita har ranar naƙuda ba sassauci. Duka biyun ba su yi daidai ba. Daidai shi ne a ɗauke mata aiki mai nauyi, a bar mata tafiya da motsi mai sauƙi.

Yadda za ki yi

Da farko ki faɗa wa unguwarzoma ko likita a ranar awo, a tabbatar ba ki cikin waɗanda aka hana. Sannan ki bi waɗannan:

1. Tafiya. Ki fara da minti 10 sau biyu a yini, ki ƙara a hankali har ki kai minti 30 a yini, kwana 5 a mako. Ana iya raba shi gida uku. Ko ba ki fita waje, zagayen tsakar gida ya isa. Ki yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, da takalmi shimfiɗaɗɗe, ki sha ruwa kafin da bayan. In kina iya hira kina tafiya, saurin ya yi daidai. In numfashi ya hana ki magana, ki rage. Mai ciwon ƙashin mara ta riƙa gajeren taku, ta tsaya kafin zafi ya taso.

2. Matse ƙasan mara. Ki matse kamar kina riƙe fitsari da iska a lokaci ɗaya, ki ƙirga 5, ki saki. Sau 10, sau uku a yini, kina ƙara ƙirgen har ya kai 10. Kada ki riƙe numfashi, kada kuma ki yi shi a lokacin da kike fitsari. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan hanya a 1948. Tana rage yoyon fitsari in an yi tari ko atishawa, tana kuma taya riƙe ƙugu.

3. Durƙuso. Ki durƙusa a kan tabarma da gwiwoyi da tafin hannu. Ki ja cibiya ciki ki ɗaga bayanki sama ya yi doro, ki ƙirga 5, ki dawo da shi daidai. Sau 8 zuwa 10. Wannan yana sauke nauyin ciki daga kwankwaso.

4. Zauna ki tashi. A kan kujera mai tsayi da ƙarfi, ba 'yar tsugunno ba, ki tashi ki zauna a hankali sau 8, ƙafafu biyu suna ɗauke da nauyi daidai. Yana ƙarfafa cinya da ɗuwawu.

5. Gyara al'adun yau da kullum. Ki kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. In za ki juya ko za ki sauko daga gado, ki haɗe gwiwoyi wuri ɗaya. Ki zauna in za ki sa siket ko safa, kada ki tsaya da ƙafa ɗaya. Matakala kuwa ɗaya bayan ɗaya. Bayan wata uku na farko, ki guji motsa jiki kina kwance rigingine, domin mahaifa tana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Ma'aunin da likitan dabbobi ya ba yayana shi ne wanda ma'aikatan fisiyo ke ba mu: ɗan tsamin jiki ba laifi, amma in ciwon ya kwana ya fi na jiya, kin yi yawa. Ki rage, kada ki daina.

Waɗanda ba za su yi ba sai da izinin likita

Ba kowace mai ciki wannan shawara ta shafa ba. Kada ki fara komai sai likita ya amince in kina zubar da jini, ko an ce mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko an ɗinke miki bakin mahaifa, ko faya ta fashe, ko kina da hawan jinin ciki, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko ciwon zuciya ko na huhu, ko ana tsoron haihuwar bakwaini. Mai ɗauke da tagwaye ita ma ta tambaya tukuna.

Masu sikila ku saurara da kyau. Ciwon ƙashi na tashin sikila ba na motsa jiki ba ne, na asibiti ne, a zo nan take. Kuma ciwon kwatangwalo da ya daɗe ga mai sikila yana iya zama alamar kan ƙashin cinya ne ke mutuwa saboda jini ba ya isa gare shi. Wannan sai an bincika.

Ko kina cikin masu lafiya, ki tsaya ki zo asibiti in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: jini ko ruwa daga gaba, jiri, ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, haki tun kafin ki fara, kumburi ko ciwo a sha-raɓa ɗaya, ciwon mara mai zuwa yana komawa kamar naƙuda, ko raguwar motsin jariri. Haka kuma gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, da ciwon baya mai haɗe da zafin fitsari, da ciwon baya mai haɗe da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari da bahaya. Waɗannan ba sa jiran ranar awo.

Maganar ƙwayoyi

Da yawa in ciwo ya ishe su sai a aika yaro kemis ya karɓo haɗi. Don Allah a daina. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna da haɗari ga jariri. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje su daga sati 20 na ciki, domin suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake ciki. Daga wajen sati 30 kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa wasu don kare hawan jinin ciki daban ne, kada mai shan sa ta daina. Farasitamol shi ake fara ba mai ciki, shi ma bisa ƙa'ida. Duk maganin da kike sha, na bature ko na gargajiya, ki zo da kwalinsa ko kwalbarsa mu gani.

Wadda ta san tana da amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu tun kafin aure, ta ga likitanta tun kafin ta ɗauki ciki. Wasu magungunansa, kamar metotirekzet, suna illata halittar jariri, dole a canza su. Irin wannan ciwo yakan lafa wa mata da yawa a lokacin ciki, ya dawo bayan haihuwa, don haka kada a ɗauka an warke.

Kada a manta da kaka

Tsohuwar da za ta zo zaman jego, sau da yawa ita ma gwiwa ta hana ta sakat. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2019 mutum miliyan 528 ne ke da amosanin gaɓɓai na cinyewar guringuntsi. Kamar kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma gwiwa ce ya fi kamawa. Mu kuma mun saba nuna wa tsoho ladabi ta hanyar zaunar da shi: "Inna, zauna kawai, a kawo miki." Ladabin yana da kyau, amma a bar Inna ta taka. Tafiya kaɗan, zama da tashi daga kujera, miƙe ƙafa ana zaune a ƙirga 5, duk suna taimaka mata. In tana da ƙiba, kowane kilo da ta rage yana sauke wa gwiwa kamar kilo 4 a kowane taku. Ku riƙa zagayen tsakar gidan tare, ke da ita.

Kira ga masu gida

Maigida, rabin wannan aiki a hannunka yake. Ka nemi mai jan ruwa da ɗaukar kaya. In masai na tsugunno ne, a kafa abin dafawa ko a samo kujerar bahaya. Ka ba ta izinin zuwa awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla sau 8 kafin haihuwa. In an tura ta sashen gashin ƙashi, kada ka ce ai ba karaya ta yi ba. Ba masu karaya da shanyewar ɓarin jiki kaɗai ake gani a can ba. Sannan in mahaifiyarka ta ce a kwantar da ita, kai ne ka fi dacewa ka yi mata bayani cikin ladabi, ko ka zo da ita ranar awo mu yi magana.

Ke kuma 'yar uwa, kada ki ɓoye ciwo don kada a ce kin cika raki. Ciwon ƙugu da aka kama da wuri ya fi sauƙin sarrafawa, kuma ga yawancin mata yana wucewa cikin 'yan watanni bayan haihuwa. In ya wuce sati 6 bayan kin haihu bai ragu ba, ki faɗa a awon jego. Ki huta in kin gaji, hutu haƙƙinki ne. Amma ki tashi bayan hutun ki taka, ko da daga ƙofar ɗaki ne zuwa zaure.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya abin da za a samu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.